Tafiyata Wagadugu da ɗiyar da ba na kallo

Ban taɓa yarda da Malam Haruna ba, kuma ban ɓoye masa ba. Mutumin Zurmi ne, malami a wata kwaleji, yana neman babban digiri a kan karatun kurame da makafi. Abin da yake bincike, in ji shi, ko yaron da ba ya ji zai iya zama aji ɗaya da masu ji ya ƙaru, ba sai an ware shi ba. Ni karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare, na shiga aikin reluwe a Ƙaura, jirgi ya mutu ya bar mu, muka koma gona. Da aka ba mu jiha sabuwa na ga yadda masu takarda suka rabe ta tsakaninsu. Saboda haka in mai takarda ya zo ƙofar gidana da fara'a har da tsarabar goro, na san akwai abin da zai ci da ni.

A firamaren Sakajiki ya ga yarinyar, tsaye bayan taga, tana leƙen allo tana durƙusawa tana zana abin da ta gani a ƙasa da tsinke. Ɗiyata ce ta fari, ba zan rubuta sunanta ba. Sanƙarau ya tafi da jinta tun bakinta bai gama buɗewa ba. Tun yaye tana hannun yayata, Yaya Hajo, gidanmu da nasu katanga ɗaya. Mu Fulanin gida ne, fillancin ya gudu daga bakinmu amma kunyar ba ta gudu ba. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, in ta shigo zaure sai in kau da kai. In akwai abin da nake so ta sani, Yaya nake faɗa wa, ita ta juya mata shi da hannu. Haka ubanmu ya yi da Yaya Hajo, ba wanda ya ce ya ƙi ta.

Malam ya ce akwai makaranta a Wagadugu da ke haɗa kurame da masu ji. Masu bincike daga ƙasashe za su taru can, kowa da yaro da babba daga gidan yaron, a duba su, a koya musu, sannan a dawo a gwada a gida. Shi a Sakajiki zai buɗe nasa ajin. Yaya ce ta matsa sai an je. Ni an ɗauke ni ne muharrami, lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, mace ba ta doguwar tafiya kowa bai sa ido ba. A raina kuwa na riga na yanke hukunci: yaran nan ake so a karɓe, bincike suna ne aka sa wa abin. Na bi su ne in dawo da ita.

A Sabon Birni tafiyar ta fara lalacewa. Yaya ba ta taɓa wuce Ƙaura a mota ba, tun daga Shinkafi take amai, kafin mu isa zazzaɓi ya rufe ta har ba ta iya tsayuwa. Allah ya haɗa mu da wani direba ɗan Katuru da muka sani, motarsa cike da mata masu komawa, aka sa ta ciki. Na ce mu ma mu juya. Ta kama bakin rigata ta taga, ta ce in na juya da yarinyar nan kada in sake taka mata gida. Ta nuna mini alamar abinci, da ta ruwa, da ta bayan gida, da sauri, mota na tashi. Hannun Yaya na kalla, na riƙe biyu na manta ɗaya.

A bakin iyaka wani jandarma ya buɗe takardata, ya ga Zamfara, ya kira abokansa. Ya kama wuyan hannunsa yana yi kamar yana yanka, suna dariya. Na ƙyale su, ƙasarsu ce. Ya juya ya yi wa yarinyar magana, ba ta ɗago ba, ya daka mata tsawa, ba ta motsa ba. Da Malam ya gaya masa ba ta ji, sai dariyar ta ɗauke. Ya shiga rumfa ya fito da biredin nan nasu dogo mai tauri ya miƙa mata. Na karɓe na shinshina, na gutsira na ci, na jira, sannan na miƙa mata ta gefe. Malam ya ce kyauta ce kawai. Na ce kyautar mai bindiga sai an ɗanɗana.

A Ƙonni wani ɗan kamasho ya rantse mana da Allah motarsa yanzu za ta tashi, kai tsaye Yamai, kujera mai katifa. Ashe motar albasa ce, katifar buhu ne. Muka hau sama tare da 'yan kasuwa, rana na dukanmu. Yarinyar na zaune a gefena, ni ina kallon hanya. Na ji tana motsi, hannunta na gilmawa a gefen idona, ban juya ba. Ta ja rigar Malam, shi kuwa maganar hannun da ya iya ta littafi ce, bai san irin tamu ta gida ba, ya miƙa mata ruwa. Can wajen Dogon Dutsi sai na ga buhun da take kai ya jiƙe. Alamar da na manta ce take ta yi.

Wata Ba'adara mai albasar, dattijuwa, ta bubbuga kan mota aka tsaya. Ta sauka da ita bayan wata sabara, ta wanke ta da ruwan butarta, ta ɗaura mata zanenta na sama. Da suka hawo ta dube ni daga hula har takalmi, ta tambayi Malam ko ni ne uban. Ya ce ni ne, ɗiyar fari ce. Ta ce, "To, bawan Allah, kunyarka ta jiƙa mini buhu." Duk motar aka yi dariya. Da muka isa na ce a mayar mata da zanen, ta ce ba ni ta ba.

Yamai ban ga komai ba sai kogi da tasha. Kowa Zabarmanci, in ka yi Hausa a amsa maka da rabin baki. Na lura duk inda muka tsaya Malam sai ya koma gefe ya yi rubutu, ya ɗago ya dube mu, ya sake dukawa. Na tambaye shi me yake rubutawa. Ya ce yadda muke zama da juna, ni da ita. Na ce ai ba mu zama da juna. Ya rubuta wannan ma.

Wagadugu gari ne da mata ke tuƙa babur, da goyo, da kwando a baya, ba mai ko waiwaye. Giya a bakin titi kamar kunu. Na tuna gida, inda lokacin ko mai acaba ba ya ɗaukar mace, na ce lallai an kawo mu. Aka karɓi yarinyar a ɗakin kwanan 'yan mata na makarantar. Mu manya aka ba mu masauki da abinci, na leƙa tukunya na ga nama ban san wa ya yanka ba, na ɗauki jakata na fita neman Zango.

Can na samu Ba Modu, Babarbare mai sayar da huluna, ya tsufa a garin. Tun sallama ya dubi hancina ya ce ga bawansa Allah ya kawo masa har gida. Na ce ban taɓa jin bawa ya yi bawa ba. Ya ba ni tabarma a shagonsa, matarsa ta riƙa aiko da tuwon dawa miyar kuka, irin wadda in na rufe ido sai in ji kamar ina Sakajiki. Bai taɓa tambayata komai ba sai ya zage ni kullum da safe, ni ma in rama. Shi kaɗai na yarda da shi a ƙasar nan, shi ma sai da na duba jakata sau da yawa.

Makarantar ba zan yi mata ƙarya ba. Bencinan ajin a zagaye suke kamar majalisa, don kowa ya ga fuskar kowa. Malamar tana magana da baki tana yi da hannu lokaci ɗaya, yara masu ji ma hannu suke yi, har ka rasa wane ne kurman. Masu bincike na zaune a baya suna rubutu. Shugabarsu wata mace ce da kowa ke ce wa Madam, doguwa, da gicciye a wuya, tana jin Turanci, shi take yi da Malam shi kuma ya juya mini. Aka sa wa yarinyar wani abu a kunne mai ƙara, aka kaɗa mata ganga a baya, aka ba ta katakai ta jera, duk ana ɗauka da na'urar bidiyo. Na tambayi Malam ina hotunan za su. Ya ce taro, wataƙila har Turai. Na ce su za su Turai, mu mu koma kan albasa. Ya yi dariya. Mai takarda in ka kama shi dariya yake yi.

Wata rana ina zaune bakin ƙofa na ji wata irin dariya mai kauri, ba daɗin ji, kamar ta fito daga randa. Na leƙa. Ita ce, da wata yarinya Bamoshiya 'yar garin, hannayensu na tashi kamar masu sheƙe hatsi. Ban taɓa jin ta ba. Na ce a raina an fara aikin.

Aka zo ranar da za a tambayi kowane yaro mutanen gidansu. Aka zaunar da ita gaban na'ura, ni a gefe, ina kallon bango. Malam na gaya mini abin da ake yi. Wa ke ba ki abinci? Ta yi alamar Yaya, wato ɗaurin kallabi a goshi. Uwa fa? Ta dafa ƙirji. Sai Madam ta nuna ni. Na saci kallo ta wutsiyar ido. Madam ta sa ta maimaita. Ta sa tafin hannu a kumatunta, ta ture fuskarta gefe. Sunana ke nan a wurinta. Na tambayi Malam tun yaushe, ya ce yaro kurma da abin da ya saba gani yake raɗa wa mutum suna.

Da yamma aka kira mu ofis. Madam ta yi magana doguwa, Malam ya juya mini ita guntuwa, wai ana yaba hazaƙar yarinyar. Ɗan Turancin da na yi bai mutu duka ba, na tsinci kalmar uba da kalmar ƙi a ciki. Na ce masa ko ya faɗa mini duka ko in tashi. Ya share gumi ya faɗa. Madam ta duba mu tun zuwanmu, ta ga uban da ba ya kallon ɗiyarsa, ba ya taɓa ta, ba ya kiran sunanta. Ta ga irin haka da yawa a gidajen da aka haifi naƙasasshe. Shawararta a bar yarinyar a makarantar ta yi firamare a nan, akwai masu ɗaukar nauyi.

Malam, don Allah ba zan ci haƙƙinsa ba, ya tsaya ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ya ce ko da tana ji haka zan yi, girmamawa ce ba ƙiyayya ba. Madam ta saurara har ya gama. Abin da ta ce na sa ya maimaita mini a hankali.

"Mu ma muna da irin wannan a ƙauyenmu. Amma ɗan fari mai ji yana jin muryar ubansa ta bayan katanga, yana jin an ce a ƙara masa tuwo. Wannan, in bai dube ta ba, bai taɓa ce mata komai ba."

Na miƙe na ce dama na sani, tun daga Sakajiki na san ƙarshen maganar ke nan. Malam ya biyo ni waje. Ya ce ba wanda zai riƙe ta in ban yarda ba, ni ne uba. Amma an tambaye ta, ta ce nan take so. Na ce ƙarya ne, su suka juya maganar yadda suke so. Ya ce, "Malam Ummaru, in ta zauna ni na yi asara. Ajin Sakajiki a kanta na gina shi, in ba ita bincikena ya rushe." Wannan ce gaskiyar da na fara ji daga bakinsa. Ashe ita Madam tana son ta zauna don takardarta, shi yana son ta koma don tasa. Wa zan sa ya tambayar mini ita?

Na gaya wa Ba Modu da safe zan ɗauke ta mu kama hanya, ko tana so ko ba ta so. Yana ɗinkin hula bai ɗago ba. Ya ce in gwada. Yarinyar da in ta ruga a tashar Yamai ba ta jin kira, zan ja ta har Zamfara tana turjiya? In kuma na kai ta, me zan ce wa yayar nan tawa da nake tsoro kamar jandarma? Na ce ba ni da mai tambayar mini ita. Ya ajiye allura.

"Kai fa Bafillace, saniya in ta ƙi tsayawa a tatse ta, Babarbare kake kira ya lallashe ta? Ka iya magana da dabba, ɗiyarka ta gagare ka."

Na ce shi bai san kunya ba, ba gadonsu ba ce. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa 'ya'yansa suka san shi.

Lokacin tara na je makarantar. Tana ƙarƙashin wata darbejiya da ƙawarta. Na kori ƙawar da hannu, na tsuguna a gabanta. Wallahi na taɓa tsayawa gaban jirgi yana fitowa ina ɗaga tuta, ban ji abin da na ji a nan ba. Na ɗago ido. Sai ita ta kau da kai. Yaya ta tarbiyyantar da ita, ita ma ta san ba a kallon uba. Muka zauna ni ina kallon kunnenta tana kallon katanga, yara sun fara taruwa. Da mai ji ce sai in yi gyaran murya. Na miƙa yatsa na taɓa gwiwarta.

Ta juyo. Akwai tabo a girarta ta hagu, tsoho, ban san yaushe ta same shi ba. Idanun kuwa na mahaifiyata ne sak, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Abin da nake da shi kaɗan ne. Na yi alamar Yaya a goshi. Na yi alamar abinci, don daga ita sai ta ruwa na iya. Ta ɗauka yunwa nake ji, ta miƙo mini ƙosan da ke hannunta. Na girgiza kai. Na ɗauki tsinke na zana a ƙasa, yadda Malam ya ce ya same ta tana yi: gida biyu, katanga ɗaya, da kukar nan ta ƙofar gidanmu. Na nuna ta, na nuna kaina, na nuna zanen.

Ta daɗe tana duban zanen. Ta dubi ajin. Sannan ta nuna idona da yatsu biyu, ta nuna fuskarta, ta dangwala zanen gidan, ta ɗaga gira. Ba Malam, ba Madam, na gane. A can ma za ka dube ni? Na gyaɗa kai. Ba ta yarda ba, jinina ce. Ta ɗiɗɗiga ɗigo da yawa a gindin kukar, inda dattawa ke zama da yamma, ta sake nuna idona, ta ɗaga gira. A nan na daɗe. Na san mutanen da ke zama gindin kukar nan ɗaya bayan ɗaya, na san bakin kowa. Na gyaɗa kai.

Ta kama hannayena biyu, ta haɗa kan yatsuna kamar jinka. Na yi ba daidai ba, ta buge mini hannu ta gyara. Gida ke nan a maganar makarantar. Ta nuna kanta, ta nuna ni, ta yi jinkar. Da na ɗago sai ga Madam can bakin ofis da na'urarta a ido. Ita ma ta samu abin da za ta nuna a taro.

Muka dawo. Ajin Sakajiki ya yi rai iya lokacin da Malam ke buƙatarsa. Ya gama rubutunsa, ya zama Dakta, tun daga nan ko a Zurmi ban sake ganinsa ba. Malamar da ya koya wa maganar hannu aka mayar da ita makarantar garin Banga. Abin da ya saura bencinan da aka zagaye da 'yan matan ajin da suka riga suka iya, da su ta lallaɓa ta gama firamare, a ciki ba bayan taga ba. Littafin da aka rubuta a kanmu ban taɓa ganin ko bangonsa ba. Don haka wanda ya ce zargina duk banza ne, ya zo mu zauna.

Gindin kuka kuwa sun yi abin da na san za su yi. Ranar da suka fara ganina a ƙofar gida ina wasa da hannu da ɗiyar fari, aka ce Ummaru ya je ƙasar Mosawa ya sayar da kunyarsa. Wani tsoho ya daina amsa sallamata har ya rasu. Ni ban ce kunya laifi ce ba, har yau ban kira sunanta da baki ba, ba ta ma buƙata.

Yanzu tana gidanta a Ƙaura, da keken ɗinki da 'ya'ya. Kwanaki na je, na ga tana nuna wa ƙaramin ni, ta sa tafi a kumatu ta ture fuska gefe, yaron ya kwaikwaya. Na ce mata da hannu shekara nawa ke nan ina kallonki, ki canza mini wannan suna. Ta yi dariyar nan tata ta cikin randa. Ta ce ba a sake yanka rago don mutum ya gyara hali.